Masu Farautar Annoba: Tallafin Karatu da Horon Sanin Makamar Aiki a Fannin Lafiyar Jama'a

Gabatarwa

A duk lokacin da aka tambayi ɗaliban ajin kimiyya na makarantun sakandare abin da suke burin zama, amsar da aka fi ji ita ce likita, ko injiniya, ko mai haɗa magunguna. Da wuya a sami wanda zai ce shi masanin lafiyar jama'a yake son zama. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin aikin masanin lafiyar jama'a yana da wata ɗabi'a: idan ya yi kyau, ba wanda zai lura da shi. Ba a yin shela a kan annobar da ba ta ɓarke ba, kuma yaron da bai kamu da ƙyanda ba bai san wanda zai yi wa godiya ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa mai karatu yadda ake horar da irin waɗannan masana bayan sun kammala digiri na farko, da inda kuɗin horon yake fitowa, da kuma dalilin da ya sa ake biyan ɗalibi alawus alhali shi ne yake koyo. Za mu tsaya a kan misali guda, wato shirin horar da masu bin diddigin annoba a fagen aiki, mu ga asalinsa da irin amfanin da ya yi wa Nijeriya.

Mene ne fannin lafiyar jama'a?

Likitan asibiti yana duba majiyyaci ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa masanin lafiyar jama'a, majiyyacinsa shi ne unguwa, ko gari, ko ƙasa baki ɗaya. Tambayoyinsa uku ne: su wa suka kamu, a ina suka kamu, kuma yaushe? Daga amsoshin waɗannan tambayoyi ne yake gano musabbabin cuta da hanyar tare ta. Reshen ilmin da ya ƙunshi wannan aiki shi ake kira ilmin annoba, kuma shi ne ginshiƙin fannin.

Misalin da aka fi kawowa a wannan ilmi ya faru ne a birnin Landan a shekarar 1854. Cutar amai da gudawa ta ɓarke a unguwar Soho, ta kashe mutane fiye da 600. A wancan zamani yawancin likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana tambaya, yana rubuta inda kowane mamaci yake zaune da inda yake samun ruwan sha. Ya tarar cewa mace-macen sun taru ne a kewayen wani famfon ruwa guda a titin Broad. Ya kai wa hukuma bayani, aka cire hannun famfon. Abin lura a nan shi ne, Snow ya kai ga wannan sakamako ba tare da ya ga ƙwayar cutar ba. Ƙafa da alƙalami da lissafi su ne kayan aikinsa, kuma har yau su ne kayan aikin magadansa.

Hanyoyin tallafi iri uku

Tun da aikin na ƙafa ne, ba a iya koyonsa a aji kaɗai. Kamar yadda yaron maƙeri ba ya ƙwarewa sai ya zauna gindin maigidansa yana zuga, haka ɗalibin wannan fanni yake bukatar ya yi aiki a ƙarƙashin gwani. Amma wanda ya kai matakin digiri na biyu galibi magidanci ne, ko matar aure mai 'ya'ya. Idan ba a ɗauke masa nauyin ci da sha ba, ba zai iya ba da shekara ɗaya ko biyu ga koyo ba. Saboda haka aka samar da hanyoyin tallafi, waɗanda za a iya kasa su gida uku.

Na farko shi ne tallafin karatu, wanda aka fi sani da sukolashif. A nan ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, sau da yawa har da kuɗin abinci da masauki da na jirgi, domin ya yi digiri a jami'a.

Na biyu shi ne gurbin horo mai alawus. Wanda aka ɗauka a irin wannan gurbi ya riga ya zama ma'aikaci mai ilmi. Ana ba shi alawus na wata wata, a haɗa shi da wani gwani mai kula da shi, a kuma ɗora masa aiki na gaske har tsawon shekara ɗaya ko biyu.

Na uku shi ne horon sanin makamar aiki, irin wanda ɗaliban jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha suke zuwa yi a ma'aikatu. Shi gajere ne, daga 'yan makonni zuwa 'yan watanni, kuma wani wurin ana biya, wani wurin ba a biya.

Batun biya ko rashin biya ba ƙaramin abu ba ne. Shekaru da yawa Hukumar Lafiya ta Duniya tana karɓar ɗalibai a hedkwatarta da ke Geneva ba tare da ba su ko anini ba. Da yake birnin yana da tsadar rayuwa, sai ya zamana yawancin masu zuwa 'ya'yan ƙasashe masu arziki ne, su kuwa 'yan ƙasashen da cututtuka suka fi addaba ba su da halin zuwa. A shekarar 2018 babban taron hukumar ya zartar da ƙudurin gyara wannan tsari, a 2020 kuma aka fara ba mabukata alawus. Wannan ya nuna cewa horon da ba a biya ƙofa ce da ke buɗe ga mai hali kaɗai.

Asalin horo a fagen aiki

A shekarar 1951, lokacin yaƙin Koriya, gwamnatin Amurka ta shiga fargabar kada abokan gaba su yi amfani da ƙwayoyin cuta a matsayin makami. Wani masani mai suna Alexander Langmuir, wanda ke aiki a cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC da ke birnin Atlanta, ya yi amfani da wannan dama ya kafa wani shiri da ake taƙaita sunansa da EIS. Tsarinsa shi ne a ɗauki matasan likitoci da sauran masana, a yi musu gajeren kwas, sannan a riƙa tura su duk inda cuta ta ɓulla har tsawon shekara biyu, ana biyansu albashi. Alamar da aka san shirin da ita ita ce takalmi mai huji a tafinsa, domin nuna cewa yawon bincike ne ya cinye shi.

Nijeriya ta ɗanɗani amfanin wannan shiri tun da wuri. A watan Disamba na 1966 cutar agana ta ɓulla a yankin Ogoja, a gabashin ƙasar. Akwai wani likita Ba'amurke a yankin mai suna William Foege, wanda ya taɓa yin horon EIS. Dabarar da aka sani a lokacin ita ce a yi wa aƙalla kashi 80 cikin 100 na jama'a lamba, amma maganin da ke hannunsa bai kai ko kusa da haka ba. Sai ya yi amfani da rediyon 'yan mishan ya tattara labarin ƙauyukan da cutar ta shiga, ya yi wa mutanen cikinsu lamba, sannan ya bi kasuwanni da garuruwan dangi inda ya san masu cutar za su iya zuwa. Annobar ta tsaya alhali ba a yi wa ko rabin jama'a lamba ba. Wannan dabara ta zagaye cuta ta zama jigo a yaƙin da aka yi da agana a duniya, har aka ba da sanarwar kawar da ita a ranar 8 ga Mayu, 1980.

Da sauran ƙasashe suka ga fa'idar tsarin, sai suka kwaikwaya. Kanada ta fara nata a 1975, Tailan a 1980. A Afirka, an kafa wata ƙungiya mai suna AFENET a 2005, mai hedkwata a Kampala ta ƙasar Yuganda, domin haɗa kan irin waɗannan shirye-shirye. Gana ta fara nata a 2007.

Shirin Nijeriya

A shekarar 2008 aka kafa na Nijeriya, wanda aka sani da NFELTP. An gina shi ne a kan haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da Ma'aikatar Aikin Gona, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Ibadan, tare da AFENET da CDC ta Amurka. An tsara shi ya ɗauki shekara biyu, a ƙarshe ɗalibi ya sami digiri na biyu a fannin lafiyar jama'a daga ɗaya daga cikin jami'o'in nan biyu. Kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na lokacin ake yi a aji, sauran kashi uku kuwa a fagen aiki.

An kasa ɗaliban rukuni uku: likitocin mutane, da likitocin dabbobi, da masana ɗakin gwaje-gwaje. Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo likitan dabbobi cikin sha'anin lafiyar mutane? Amsar ita ce, cututtuka da yawa daga dabbobi suke tsallakowa. Zazzaɓin Lassa daga ɓera yake, ciwon haukan kare daga cizon kare, murar tsuntsaye kuma, wadda ta shigo Nijeriya a 2006, daga kaji. Wanda ya fara ganin alamar annoba a garke ko a akurki yana iya ceton mutanen gidan.

Daga baya an faɗaɗa irin wannan horo zuwa matakai uku a ƙasashe da dama: na wata uku ga jami'an ƙananan hukumomi, na wata tara ga jami'an jiha, da babban na shekara biyu. Mizanin da ake bi a duniya shi ne a sami ƙwararren mai bin diddigin annoba ɗaya ga kowane mutum 200,000. Ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200 ke nan tana bukatar aƙalla 1,000.

Abin da ɗalibi yake koyo a fage

Idan labarin ɓarkewar cuta ya iso, akwai matakan da ake koya wa ɗalibi ya bi. Da farko zai tabbatar cewa adadin masu cutar ya wuce abin da aka saba gani. Sannan ya rubuta ƙa'idar wanda za a ƙirga a matsayin mai cutar, alal misali duk wanda ya yi gudawa mai ruwa sau uku ko fiye a yini guda daga ranar kaza. Bayan haka ya bi asibitoci da gidaje ya jera sunayen masu cutar da shekarunsu da unguwanninsu da ranar da ciwo ya fara. Daga wannan jeri zai zana taswira da jadawali, ya yi hasashen musabbabi, sannan ya gwada hasashen da lissafi.

Bari mu ƙaddara misali domin a ga yadda lissafin yake. A ce a wani ƙauye mutum 200 suna shan ruwan rijiya, mutum 300 kuma suna shan na burtsatse. Daga masu shan rijiya 60 suka kamu, wato kashi 30 cikin 100. Daga masu shan burtsatse 9 suka kamu, wato kashi 3 cikin 100. Idan aka raba 30 da 3 za a sami 10, ma'ana haɗarin kamuwa ga mai shan rijiya ya ninka na ɗaya rukunin sau goma. Da wannan hujja jami'i zai je wurin dagaci ya nemi a rufe rijiyar ko a zuba mata sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, tun kafin sakamakon gwajin ruwa ya dawo. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ba. Abin da ke da wuya shi ne samun alƙaluma na gaskiya daga mutanen da ke cikin tsoro da juyayi, kuma wannan sai a fage ake koyonsa.

Gubar dalma a Zamfara, 2010

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, waɗanda ke sa ido kan cutar sanƙarau a Jihar Zamfara, suka lura cewa ƙananan yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaran suna amai, suna jijjiga, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba ya yi musu amfani. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. A watan Mayu wata tawaga da ta haɗa da masana daga CDC da ɗaliban NFELTP ta shiga ƙauyuka biyu ta bi gida gida.

Abin da suka tarar ya girgiza kowa. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Daga yara 204 da aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 suna da dalma a jini da ta kai matakin da ake bukatar magani na musamman. Binciken ya nuna tushen matsalar: mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gidaje suna dakawa da niƙawa, duwatsun kuwa cike suke da dalma. Ƙurar tana zuba a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. An kuma gano cewa haɗarin mutuwa ya fi yawa ga yaran da iyayensu mata ke aikin sarrafa duwatsun.

Daga wannan sakamako aka fitar da matakai uku: a fitar da aikin niƙa daga cikin gari, a kankare gurɓatacciyar ƙasar gidaje a zuba sabuwa, sannan a ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jiki. Jerin matakan yana da muhimmanci, domin yaron da aka yi wa magani aka mayar da shi gidan da ba a share ba zai sake kwasar gubar. An ƙiyasta cewa yara fiye da 400 ne suka rasu a wannan masifa, amma dubbai sun sami magani.

Ebola a Legas, 2014

A ranar 20 ga Yuli, 2014, wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola. Dakta Stella Ameyo Adadevoh, wadda ta hana shi barin asibiti, ta kamu da cutar ta rasu. Duniya ta tsorata ƙwarai, ganin yawan jama'ar birnin da cunkosonsa. Aikin da ya tare cutar shi ne bin sahu: duk wanda ya yi hulɗa da mai cutar sai a nemo shi, a riƙa ziyartarsa ana auna zafin jikinsa kullum har kwana 21. An bi sahun mutum 894, an kuma kai ziyara ido da ido kimanin 18,500. Ɗalibai da tsofaffin ɗaliban NFELTP suna cikin waɗanda suka ɗauki wannan nauyi, tare da ma'aikatan da suka goge a yaƙi da cutar shan inna. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma a ranar 20 ga Oktoba, 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa annobar ta ƙare a Nijeriya.

Darasin da ke nan shi ne, ba a horar da mai bin sahu a ranar da cuta ta sauka. Waɗanda suka yi aikin 2014 an fara kashe kuɗi a kansu ne tun 2008.

Wa ke biyan kuɗin?

Ban da irin wannan shiri na cikin gida, akwai tallafin zuwa ƙasashen waje. Tsarin tallafin karatu na ƙasashen Kwamanwel ya samo asali a 1959. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1983, yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda, bisa sharaɗin mai nema ya yi aiki na kimanin shekara biyu, kuma ya koma ƙasarsa na aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Amurka tana da Fulbright tun 1946, Jamus kuma tana da hukumar DAAD. A Afirka, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka, wadda aka ƙaddamar a 2017, ta ɓullo da shirin horar da shugabannin lafiya mai ɗauke da sunan Kofi Annan a 2020.

Mai karatu zai lura cewa yawancin waɗannan kuɗaɗe daga waje suke fitowa. Shi kansa NFELTP da tallafin Amurka ya tashi. A nan akwai haɗari iri biyu. Na farko, wanda ya ba ka yau yana iya hanawa gobe. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin agajin da take ba ƙasashen waje, ta kuma ba da sanarwar ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, abin da ya girgiza ayyukan lafiya a faɗin Afirka. Na biyu, wasu da aka horar da kuɗi mai yawa ba sa dawowa gida, ko kuma su dawo su rasa gurbin aikin da ya dace da ilminsu. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, amma fiye da shekara ashirin bayan haka kasafin Tarayyar Nijeriya bai kai wannan adadi ba. Ƙasar da ke son masu tsaron lafiyarta su dawwama, dole ta sa kuɗin horar da su cikin kasafinta, kamar yadda take yi wa soja da 'yan sanda.

Shiri tun daga sakandare

Hanyar zuwa wannan fanni tana da rassa da yawa. Ana iya shigarsa ta ilmin likitanci, ko aikin jinya, ko likitancin dabbobi, ko ilmin ƙananan halittu, ko ƙididdiga, ko ilmin zamantakewa. Ɗalibin da ke da sha'awa ya riƙe darussan ilmin halittu da kimiyyar sinadarai, amma kada ya yi wasa da lissafi, domin shi ne harshen fannin. Ya kuma gyara rubutunsa na Ingilishi, tun da da shi ake cike takardun neman tallafi da rubuta rahoto. Iya Hausa da sauran harsunan gida da sanin ladubban shiga gidajen mutane jari ne babba, musamman ga 'yan mata, domin a garuruwanmu da yawa mace ce kaɗai ke iya shiga cikin gida ta tambayi uwa halin ɗanta.

Masu ba da tallafi suna duba sakamakon digiri na farko, da irin aikin da mai nema ya taɓa yi, da shaidar malamansa, da kuma takardar da ya rubuta yana bayyana matsalar da yake son warwarewa. Saboda haka aikin sa kai a lokacin allurar rigakafi ko a asibitin unguwa yana da daraja. A kuma yi hattara da 'yan damfara masu neman kuɗi da sunan samo wa mutum gurbi.

Su kuwa malamai, suna iya sa ɗalibai su riƙa rubuta adadin waɗanda ba su zo makaranta ba saboda rashin lafiya a kowane mako, su zana jadawali har tsawon zango guda, sannan su tattauna dalilin hawa da saukar adadin. Wannan shi ne matakin farko na aikin sa ido kan cututtuka.

Kammalawa

Mun ga cewa ilmin lafiyar jama'a sana'a ce da ake koya a fage a ƙarƙashin gwani, kuma tallafi shi ne ke ba ɗalibi sararin yin wannan koyo ko da shi ɗan talaka ne. Alawus ɗin da ake ba shi amana ce, kuma waɗanda zai mayar wa ita su ne mutanen ƙauyuka da birane da za su bukace shi ranar da wata baƙuwar cuta ta ɓulla.

Tambayoyi don nazari

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin tallafin karatu, da gurbin horo mai alawus, da horon sanin makamar aiki.
2. A wata makarantar kwana ɗalibai 150 sun ci wake da shinkafa, 45 suka kamu da gudawa. Wasu 100 ba su ci ba, 5 suka kamu. Sau nawa haɗarin rukunin farko ya ninka na biyu?
3. Me ya sa aka ga wajibi ne a share gidaje kafin a mayar da yaran da aka yi wa maganin gubar dalma?
4. Kawo dalilai biyu da suka sa bai kamata ƙasa ta dogara ga agajin waje kaɗai wajen horar da masana lafiyar jama'a ba.